Ranar da Tamashek ɗina ya ƙi sauka a waya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye sauran tunanina, da ranar da aka kai ni Takanamat ina ɗan koyon aikin likitan dabbobi. Gwaji ake yi mini. In na shawo kan makiyaya suka kawo dabbobinsu rigakafi, a riƙe ni aiki. In suka ƙi, in koma gida zaman kashe wando.

Ni kuma da son a sani, na riga na gaya wa shugabarmu, Madam Hadiza, cewa ina jin Tamashek, harshen makiyayan wurin. (Gaskiya "oyiwan" kaɗai na iya, wato gaisuwa.) Dabarar ita ce abokina Alhusaini ya fassara mini jawabin a wata manhajar ajiye rubutu, ni kuma in riƙa satar kallon waya ina rerowa.

Sai dai manhajar na'ura biyu kawai take yarda da su in ba ka biya ba. Tana kan wayata da kwamfutar ofis. Don Alhusaini ya rubuta, sai na cire wayata na sa kwamfutarsa, da niyyar in mai da ita daga baya. Na saba wannan cire-sa, har ina yi wa abokan aiki kuri: "Bature ya yi wayo, amma Ba'adare ya riga shi tashi."

Muka isa. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, dattawa sun zauna da rawunansu, shayi na kan wuta. Madam ta ce, "Ga yaronmu, da harshenku zai yi muku magana." Na miƙe, na ce "Oyiwan!" da ƙarfi. Suka amsa da murna. Na danna waya don in mai da ita cikin manhajar.

Ta ce na ƙare damar sauya na'ura ta wannan wata, ko in biya, ko in jira wata mai zuwa. Ashe cire-sa ɗin ma ƙirga shi suke yi!

Na sake dannawa. Na ɗaga wayar sama kamar matsalar rezo ce, wato rashin sabis. Gumi ya jiƙa mini riga, na rasa abin yi, sai na ƙara cewa "Oyiwan." Suka ƙara amsawa, amma a hankali. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Wani dattijo mai suna Agali ya yi mini wata doguwar tambaya da Tamashek. Na yi murmushi na gyaɗa kai. Wuri ya ɓarke da dariya. (Daga baya na ji cewa ya yi, "Ko harshen ya tsaya shan ruwa a hanya?")

Na dubi Madam, na dubi ƙasa, na ce, "Baba, ku gafarce ni, ban iya ba."

Ya ce, "To mi ya hana ka hwaɗi? Da Hausa muka cinikin bisashe kasuwar Tawa tun ba a haihe ka ba. Zamna, ɗana, gaya muna abin da allurar ga taka yi."

Na zauna. Na yi bayani daga kaina, suka yi ta tambaya, na yi ta amsawa, domin wannan kam na sani. Washegari garke ya cika wurin.

Madam ba ta kore ni ba, amma ta sa duk fita arewa ni ne a gaba, har sai na iya abin da na ce na iya. Yanzu ina ɗan kwatantawa, Baba Agali na gyara mini yana dariya. Na dai gane cewa in za ka yi ƙarya, kada ka ba kayan kyauta ajiyarta.