Yaƙin Malam Ilu da Tukunyar Tuwo

Da sunan Mai ɗaukaka wanda Ya so, wannan tarihin Malam Ilu ne ɗan Barmo, jikan Jatau mai jaki, sarkin masu gyara wa mutane magana, gwarzon da ya karanta littafi ɗari uku a kan yaƙi da son rai, bai taɓa hura wuta ba.

Tun rasuwar matarsa Dije, ƙanwarta Kande ke kawo masa tuwo kullum. A rana ta sittin mazantaka ta motsa, ya mayar mata da kwanonta, ya yi shela cewa mutum ba ya kai matsayin kamala sai ya rinjayi kansa, kuma daga yau babu hannun da zai ciyar da shi sai nasa.

Bayan la'asar ya ɗaure kwankwaso, ya zare muciyar marigayiya kamar takobin gado, ya fuskanci murhu. Ruwa ya tafasa, ya yi kabbara, ya antaya garin dawa mudu guda a lokaci ɗaya. Nan take rundunar gudaji ta taso daga gabas da yamma, manya da ƙanana, kowane da ɗanyen gari a cikinsa. Ya kai sara, ya kai suka, hayaƙi ya ci masa ido, tukunya ta tofa masa wuta a gemu, amma sadauki bai ja da baya ba sai da gindin tukunya ya ƙone. Ya kwashe ganima ya miƙa wa kaji. Kaji suka duba, suka wuce.

Ana haka Kande ta yi sallama, da kwano a hannu. Ta leƙa tukunya, ta tambaye shi ko ya yi talge kafin ya tuƙa. Masanin ya ce mene ne talge.

"Malam, shekara talatin da takwas kana ce wa Yaya tuwonta ya yi ruwa," in ji ta. "Ashe ko kallo ba ka taɓa yi ba."

Ta ajiye kwanon ta tafi.

Ya zauna ya kai loma. Miyar ba ta ji gishiri ba. Ya buɗe baki zai faɗa, ya waiga inda Dije take zama, ya rufe bakinsa.

Iyakar nasarar da aka rubuta masa ke nan.