Gonar Mudi Ta Riƙe Taki

Labari ya cika garin Ɗansoshiya wai aljanu sun kwashe takin da Saude ta zuba a gonar marigayi mijinta Mudi, har an gan su a kasuwar Bebeji suna aunar da shi mudu-mudu. Ƙarya ce! Aljani ya fi ƙarfin wannan 'yar sata. Taki yana nan a ƙasa, masara ce dai ta tsugunna, ganye ya yi shunayya. Sha'aibu, taubashin Saude, da jin haka ya tako har bakin gona.

"...ina gajiya, baiwata? Wannan masara ce ko albasa?"

"Ba gajiya, bawan gidanmu. Ai ɗan kallo ya fi kowa iya dambe."

"Buhu biyu na takin sufa, Saude! Ni ko a kan dutse na zuba, sai da tsani za a karya masara."

"Malamin gona ya auna ƙasar. Ya ce jar ƙasar nan ta yi tsami. Abin da ke cikin sufa mai ƙarfafa saiwa, yana sauka take damƙe shi, masara ba ta samu. Sai an sa farar ƙasa, ko toka da kashin shanu, kafin ta saki."

"Ashe gonar ma halinki ta ɗauko. Rowa!"

"Da Mudi yana nan ba ta yi ba."

Sha'aibu ya daina dariya, ya juyo ya dube ta.

"Kullum yana kwashe tokar murhuna ya kawo nan, ina yi masa dariya," in ji ta. "Kowane rani Fulanin Falgore nan suke sauka, shanu su ci kara su bar taki. Da ya rasu suka zo, suna sallama da sunansa. Na kasa fita. Na aika a ce su wuce. Rani biyu ke nan ba su dawo ba."

"Kin kori taki mai ƙafa huɗu, kin sayo na buhu!"

"Yi dariyarka. Yayyensa sun ce in bana rumbu bai cika ba, sayar da gonar za a yi a raba gado. Ina zan tsaya da yara huɗu?"

Ya durƙusa ya tuge tsiro ɗaya. Saiwar ba ta kai ɗan yatsa ba. Ya daɗe yana jujjuya ta.

"To, kin ci ni. Takin turkena amalanke uku ne, da tokar gidana duka, zan kawo miki, na baɗi ke nan. Rumbu kuwa, masarata ba a rubuta sunana a jikinta ba, da ita za mu cika naki bana."

Saude ta share ido da gefen mayafi.

"Ka kawo na shanun. Naka na baki shekara arba'in kana zuba mini, ko ciyawa bai tsirar ba."