Ranar da Baba Ya Hau Motar Taki Neman Netwok

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon takin nan ba, kuma ko na so in manta mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Har yau akwai masu ce min Injiniya, sai dai yadda suke jan kalmar ya isa ka gane ba yabo ba ne.

Lokacin na gama karatun kwamfuta a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo ƙauyenmu da ke gefen Ɗambatta na zauna. Zaman ya yi tsawo. Na tura takardun neman aiki har na daina tuna inda na tura, na koma bin Baba gona ina riƙe fartanya kamar wanda aka ba ajiya. Baba bai taɓa yi min gori ba, ni kuwa da ya yi ɗin ma da ya fi min sauƙi.

Shi ya tashi da kansa ya je ya sami Alhaji Sale, ciyaman ɗin ƙungiyar manoman yankinmu. Duk damina rabon taki rigima ce: wani ya karɓa sau biyu, wani mai gonaki uku ya tashi da buhu ɗaya. Baba ya ce ɗansa zai gyara wannan da kwamfuta. Alhaji Sale ya yi ta noƙewa, don yana da nasa mutumin, har sai da Baba ya ce, "Alhaji, ni na tsaya masa. In bai yi ba, ni za ka kama." Baba mutum ne da in ya faɗi magana a garin nan ba a sake tambayar wani. Ba shi da dukiyar da ta wuce wannan, ita ya ɗauka ya ɗora a kaina.

Na zauna na haɗa rumbun bayanai a tsohuwar laftof ɗina: sunayen manoma gefe guda, gonakinsu gefe guda, sai tarihin wanda ya taɓa karɓar taki. Sannan na rubuta tambayar da za ta fito da amsa. Tambayar ita ce: kawo min kowane manomi, ka duba faɗin gonakinsa, ka duba ko ya riga ya karɓa, ka faɗi buhunan da suka dace da shi. Na rubuta ta tambaya cikin tambaya, da wata kuma a cikin ta cikin. (A lokacin gani nake duk wanda ya iya wannan saƙa ya gama ilimi.) Na gwada da sunayen mutanen gidanmu da na maƙwabta, kafin in ɗaga yatsa amsa ta fito.

Ga abin da ban tsaya na tuna ba, alhali an koya mana. Rumbun bayanai ba ya bin tambayarka kai tsaye. Akwai wani sashe a cikinsa, mai tsara hanya, shi ke duba tambayar ya zaɓi yadda za a nemo amsar. In ka rubuta ta yadda zai iya warwarewa, sai ya haɗa ta ciki da ta waje ya bi bayanan sau ɗaya. In kuwa ka ɗaure masa hannu, kamar yadda na yi, dole ya maimaita ta cikin a kan kowane suna. Wato ya ɗauki manomi ɗaya, ya karance gonakin yankin kaf, ya dawo ya ɗauki na biyu ya sake daga farko. Kamar ka aiki mutum cefanen suna kasuwar Ɗambatta, ya je ya sayo gishiri ya dawo, ya koma ya sayo albasa ya dawo. A kan mutanen gidanmu ba a gane wautar, don ba su da yawa.

Ana gobe rabo Alhaji Sale ya ce min, "Yaro, ka buga mana abin a takarda mu riƙe." Ni da bakina na ce, "Alhaji, zamanin takarda ya wuce. A gaban kowa za a danna, kowa ya gani." Allah ya yafe min.

Da safe masu unguwanni suka kawo cikakkun bayanan mutanensu, na zuba su duka. Aka ajiye min tebur a gindin darbejiyar filin firamare. Motar taki na gefe, buhuna sun yi tsiri, direba yana cewa shi fa a sallame shi kafin la'asar. Manoma sun cika filin, wasu da kura, wasu da jakuna, wasu da babura. Gero ya kai lokacin taki, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Baba yana zaune a benci na gaba da farar rigarsa ta Juma'a, ranar kuwa ba Juma'a ba ce.

Na yi bismilla na danna.

Shiru. Fankar laftof ta fara kuka, ƙasanta ya yi zafi. Na gyara zama, na goge allon da hannun riga, na yi fuskar mutumin da ya san abin da yake jira. Na faki ido na ɗauki hoton tambayar na tura wa Nura, abokina tun jami'a da yake aiki a birni, na rubuta masa ya taimake ni. Bai buɗe ba.

"Injiniya, yaya?" in ji Alhaji Sale.

Nan ne ya kamata in ce ban sani ba, a ba ni lokaci. Amma akwai kalma ɗaya da ta ceci ma'aikata da yawa a ƙasar nan, ita ta zo bakina.

"Netwok ne, Alhaji."

Babu ruwan abin da netwok. Komai yana cikin laftof ɗin, ko a ƙasan rijiya zai yi aikinsa. Amma filin gaba ɗaya ya yi ajiyar zuciya, don kowa ya san wannan cutar. Nan take aka shiga ba ni magani. Wani ya ce a matsar da tebur daga gindin bishiya. Aka matsar, na koma cikin rana. Wani ya ce sai an hau tudu. Ban ankara ba Baba ya miƙe ya zo ya tsaya a kaina.

"Da wayar nan yake jawowa?"

Na ce e. Ƙarya ta biyu ke nan, ta fi ta farko sauƙin fita.

Ya ɗauki wayar ya nufi motar. Mutumin da in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango saboda gwiwa. Aka ce ya kawo wayar wani ya hau, ya ce a'a, aikin ɗansa ne. Ya naɗe rigar a kafaɗa, ya taka taya, aka tura shi, ya rarrafa kan buhuna har ƙoli. Ya miƙe ya ɗaga wayar sama da hannu biyu.

"Ya zo?"

"Saura kaɗan, Baba."

Wallahi a lokacin na so ƙasa ta buɗe. Ina kallon laftof, ina kallon tsohona a saman mota iska tana kaɗa masa riga, ga mai tsara hanya can ciki yana ta safa da marwa a kan aikin da ni na ɗora masa.

Sai wayar ta yi ƙara. Nura ne. Baba ya amsa. Shi kuma yana da wata ɗabi'a: duk abin da aka faɗa masa a waya sai ya maimaita da ƙarfi don ya tabbatar ya ji daidai.

"Wa alaikumus salam. Babansa ne. Muna nema masa netwok... Na'am? Ba netwok ba ne?... Ba ya ma buƙatar netwok ɗin?... To. Shi ne ya rubuta tambayar ba daidai ba... Ya raba ta, ya tara gonakin sau ɗaya, sannan ya haɗa da sunayen... To madalla, Allah ya yi albarka."

Baba ya sauke hannunsa a hankali, ya leƙo ni daga can sama.

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji, Baba."

Saukowarsa ta fi hawan daɗewa. Ba wanda ya yi dariya sai da ya dira, saboda girmansa. Bayan nan kam ba su rage min komai ba.

Na tsayar da tambayar, na gyara ta yadda Nura ya ce. Ban fi layi kaɗan na canja ba. Na danna, amsar duk yankin ta fito nan take. Sai dai babu mai kallo. Alhaji Sale ya riga ya ce masu unguwanni su koma yadda aka saba, kowa ya kira mutanensa, don yayyafi ya fara. Aka yi rabon cikin turereniya, aka yi rigimar da ake yi duk shekara. Ni kuma na rufe laftof da leda na zauna da amsata daidai, ba mai so.

A hanyar gida Baba yana gaba yana ɗingishi, ƙurar taki ta ɓata masa riga. Na yi ta jira ya yi faɗa. Sai da muka kai ƙofar zaure ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kuskure kowa na yi. Amma da ka ce min in sauko."

Alhaji Sale bai sake nemana ba, kuma da aka zo zancen wa zai riƙe mukullin siton ƙungiya, aikin da Baba ya daɗe yana yi, sai aka ba wani.

Yanzu ina ɗan aiki a birni, kuma ba na sakin tambaya sai na buɗe na ga hanyar da mai tsarawa ya zaɓa, na gwada ta da mutanen gari guda, ba na gidanmu ba. Wannan darasin mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne in za ka yi ƙarya, ka fara duba ko akwai wanda zai hau mota saboda ita.

Har yau in aka tayar da zancen a majalisa, Baba cewa yake, "Ai ranar netwok ne ya ba yaron nan matsala." Kowa ya san ba haka ba ne, shi ya fi kowa sani, tunda da bakinsa ya sanar. Mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, yanzu yana da guda ɗaya, kuma tawa ce yake riƙe min.