Yaƙin Fangalin Yakuwa

Da sunan Mai tsirar da ƙwaya daga busasshiyar ƙasa. Bayan haka, wannan tarihin Malam Tanimu ne, ɗan Barau, jikan Maigoro, bijimin Malumfashi, kogin hikima, malamin tarbiyyar yara a kwalejin horar da malamai, wanda ya haddace matakan hankalin yaro tun daga rarrafe har balaga. Shi ne kuma mai wannan rubutu, kunya ce ta hana shi cewa "ni".

A safiyar wata Talata, saura rabin awa ɗalibai ɗari biyu su zauna jarrabawarsa, takardun tambayoyi na cikin jakarsa, sai gwarzo ya laluba aljihu ya ji babu makullin babur. Ya birkice ɗaki, ya tuhumi katifa, ya yi wa tabarma hukunci. Can sai 'yarsa Hajjo, mai shekara huɗu, ta ɗago daga kofin koko.

"Baba, na shuka makulli jiya."

"Kin yi me?"

"Na shuka shi a wajen yakuwar Umma. Zai haifi babur, in ba Kawu ɗaya."

Nan sadauki ya zaro makamin ilimi, ya durƙusa daidai tsayinta kamar yadda yake koya wa ɗalibai, ya yi bayani mai tsawo kan bambancin mai rai da marar rai. Hajjo ta saurara da ladabi, sannan ta ce, "Ai na ba shi ruwa." Da aka nemi ta nuna wurin, ta ƙi ƙememe, don abin da aka tona ba ya tsirowa. Wannan kuwa shi da kansa ya koya mata ranar shukar gyaɗa.

Sai namijin duniya ya naɗe hannun riga, ya ɗaga fartanya, ya yi kururuwa, "Yau ko ni ko ƙasa!" Ya afka wa fangalin yakuwar matarsa Delu, ya karkashe rundunar ganye sahu-sahu, ya ci ganimar cokali ɗaya, da batir biyu, da wani tsohon makullin kwaɗo mai tsatsa wanda bai ko kalla ba. Delu na tsaye bakin madafa, ta riƙe ƙugu.

"Malam, miyar yau kenan kake yaƙa."

Da ƙarfinsa ya ƙare, ya fita zaure zai nemi ɗan acaɓa, zuciyarsa cike da baƙin ciki. Ga babur, ga makulli a jikinsa, inda ya bar shi tun jiya.

Hajjo, da ta biyo bayansa, ta daka tsalle. "Umma, zo ki gani! Ya tsiro har da babur ɗinsa!"

Delu ta iso, ta dubi makulli, ta dubi mijinta, tana jiran bayani. Masanin hankalin yara ya share zufa, ya auna gaskiya da abin da zai biyo bayanta.

"Haka ne," in ji shi. "Ya tsiro."