Ranar da Na Yi wa Surukina Bayanin Ƙwayoyin Cuta

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na je Zakirai gaida mahaifin Falmata, yarinyar da nake neman aure. Lokacin ina digiri na biyu a kan ƙwayoyin cuta, ko hanyar kasuwa ka tambaye ni sai na sako maka zancen bincikena. Abokina Sadisu ne ya raka ni. Tun a kan babur yake ja min kunne: "Ka gaida mutane, ka sunkuyar da kai, ka yi shiru." Na ce ya bar min komai.

Muka tarar da Alhaji Modu a zaure tare da ƙannensa biyu, dawowarsu ke nan daga yankan gero. Aka gaisa, aka kawo fura. Komai na tafiya daidai, har ya dube ni ya ce, "Yaro, an ce karatun cuta kake yi. Me kake nema a cikinta?"

Nan fa na gyara zama (Sadisu ya ce a lokacin ya fara salati a zuci). Na ce, "Baba, abin mamaki ne. Akwai ƙwayoyin cutar da ke ɗauke da umarnin haɗa dafi a cikin halittarsu, amma a kashe yake kamar fitila. Idan suka shiga jiki ba su da yawa, sai su yi lamo, don kada garkuwar jiki ta farga. Kowacce tana fitar da wani sinadari, da shi suke gane yawansu. Ranar da suka ga sun isa, sai su kunna dafin gaba ɗaya."

Alhaji ya jinjina kai, ya ce, "Ikon Allah!" Da a nan na tsaya, da na fita da mutuncina. Amma yabo ya hau min kai, na ga ya kamata in ƙara da misali.

"Kamar baƙi ne, Baba. Su zo gari suna ladabi, a ba su gona, a ba su mata. Sai sun hayayyafa sannan su nuna halinsu."

Sadisu ya mintsine ni a cinya, sai a sannan na tuna: kakan Alhaji daga Borno ya zo, mutanen gari suka ba shi gona, suka ba shi mata. Falmata ta sha ba ni labarin.

Alhaji ya ajiye ludayi a hankali. "Yaro, kai Bafulatani ne?"

"A'a, Baba."

"Kash. Da sai in ce wasan da ke tsakaninmu da su ne."

Ƙaraminsu ya tuntsire da dariya har da ƙwarewa. Ni kuwa zufa har cikin hula. Na tashi zan yi sallama, na zura takalmin Alhaji.

Falmata ta daina ɗaukar wayata, sai da kawuna ya taso takanas daga Tofa ya ba da haƙuri, yana rantsuwa cewa ba raini ba ne, boko ne ya yi min yawa. Allah Ya sa Alhaji mai haƙuri ne, bayan sallah aka ɗaura aure.

Tun daga nan na gane cewa idan dattijo ya ce maka "Ikon Allah", to ka gama magana. Abin da duk ka ƙara, kawunka ne zai sha tafiya.