Sifikokina Biyu da Ziyarar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da surukina ya ziyarce mu a Gwarzo. Har yau in na tuna, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, kuma ina da wasu manyan sifikoki biyu na katako da yayana ya bar mini lokacin da aiki ya mai da shi Kaduna. Sun tsufa, amma ba su taɓa ba ni matsala ba. Ni ne na nemo wa kaina. A wani dogon hutu na damina na faɗa kallon bidiyon masu buɗe sifika a waya, inda na gano cewa a cikin kowace akwai wani ɗan allo da ake kira kurosoba. Aikinsa rabon sauti, kamar mai rabon nama a gidan suna: ya tura kakkauran sauti ga babban baki, siririn kuma ga ƙarami. Suka ce ƙananan kafasitocin da ke jikinsa suna bushewa in sun daɗe, in ka canza su sai ka ji kamar an wanke maka kunne.

Tun daga ranar na fara jin sifikokina ba sa daɗi. (Shekara da shekaru ina sauraronsu lafiya lau, sai da aka gaya mini ba su da lafiya.)

Na shiga mota har Kano, na sayo sabbin kafasitoci, rawaya shar, masu ƙiba kamar batir, da dalma da ƙarfen narka ta. Na baje a falo. Na ƙona yatsa, na huda ledar ɗaki, gidan ya cika da ƙauri, amma na gama guda ɗaya. Ɗayar na bar ta da gangan don in riƙa gwadawa. Wadda na gyara na ajiye ta dama da talabijin, tsohuwar a hagu. Amfilifayata, wato na'urar da ke tura musu sauti, tana da wani maɓalli da ke karkatar da sauti gefen da kake so, sai na wuni ina murɗawa, dama, hagu, dama.

"Malam, ni fa duk ɗaya nake ji," in ji matata Hauwa.

"Ai shi ma kunne sai an horar da shi," na ce mata, har da ɗan tausayi.

Ana cikin haka mahaifinta, Alhaji, ya aiko cewa zai zo daga Kabo duba wani amininsa, zai biyo ta gidanmu bayan an sauko daga Masallaci. Alhaji dattijo ne mai kwarjini, manomi, ba ya yawan magana. Tun da na auri 'yarsa, hirarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa da tambayar damina ba. Ya iso tare da ƙanin Hauwa, Sadisu, wanda ba shi da aikin da ya fi so kamar tsokanata.

Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka ci abinci. Ina zaune a ƙasa daga gefe, kaina a sunkuye kamar yadda ya kamata, sai Sadisu ya ce, "Baba, ka san surukinka ya zama injiniya? Sifika yake yi wa tiyata."

Alhaji ya dube ni. "Haka ne, Malam? Me ya same su?"

Shi ke nan. Kunyar surukuta ta fita ta taga. Na miƙe na shiga bayani kamar ina gaban aji, har da zana allon a iska da yatsa. Sannan na sa wata tsohuwar waƙar noma mai ganga da kalangu, irin wadda na san yana so. Na murɗa zuwa hagu.

"Baba, ka ji wannan tsohuwar. Kamar mawaƙin yana fama da mura, kuma an cusa kansa cikin tulu."

Na murɗa zuwa dama, na lumshe ido, na ɗaga hannu.

"Yanzu kuma ka ji wadda na gyara. Ka ji kalangun nan yadda ya fito tas. Har numfashin mawaƙin ana ji."

Alhaji ya karkata kai, ya saurara. "Lallai," ya ce, "akwai bambanci."

Da na tsaya a nan, da na kwana da mutuncina. Amma yabon ya hau mini kai. Na ce bari in nuna masa aikin da idonsa. Na ɗauko sukudireba, na juya sifikar dama, na kwance bayanta, na ɗage murfin ina murmushi.

Ƙura ce ta fara tarbata. Bayanta saƙar gizo-gizo. A can ciki kuma ga tsofaffin kafasitoci, baƙaƙe ƙirin, zaune daram inda masu kamfani suka liƙa su tun ina firamare. Wata tsaka ta fito da gudu ta bi ta kan ƙafata.

Ganga na ta tashi abinta. Sadisu ya leƙo ta kafaɗata.

"Yaya, ina rawayen da ka ce?"

Daidai lokacin Hauwa ta shigo da kunun zaƙi. Ta ga sifika a buɗe, ta gan ni durƙushe.

"Au," ta ce, "da safe da ka tafi sayen nama na fitar da su na share wurin. Ashe kowace da gefenta? Ni dai na mayar, na sa wayoyin."

Sadisu bai iya riƙewa ba, ya fice tsakar gida, ina jin sa yana tuntsira dariya har da tari. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Alhaji ya shafa gemu a hankali.

"To Malam, wadda ka ce tana mura, ita ce ta sha maganin?"

"Ita ce, Baba," na ce, da muryar da ni ma da ƙyar na ji ta.

Sai ya yi dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, kafaɗunsa na rawa. Da ya natsa ya ce, "Kada ka damu, mu biyu ne. Ni ma na ce na ji bambanci, alhali kunnen nan nawa na hagu ya daɗe da ajiye aiki. Na ga ka sha wahala ne, na ce bari in taya ka. Rufe ta, ka sa mana su duka biyun, mu ji waƙar nan daga farko."

Na rufe, na sa. Ya jingina yana kaɗa ƙafa, sai ga shi yana ba ni labarin yadda suke gayya a gonakin garinsu Durun suna samari, makaɗi na biye da su kunya-kunya. Har aka kira La'asar muna hira, abin da ba mu taɓa yi ba.

Bayan sun tafi na juya baya, na sa Hauwa ta riƙa murɗa maɓallin ina cankar wacce ce ke magana. Wani lokaci in dace, wani lokaci in faɗi. Bambancin yana nan, amma ɗan kaɗan ne, bai kai na tulu da mura ba. Daga baya na gyara ta biyun ma, a natse, ba tare da na gayyaci kowa ba, kuma ina jin daɗinsu ƙwarai. Sadisu dai har gobe Likitan Sifika yake kirana, ko a gaban mutane.

Abin da na koya shi ne, kunne yaron zuciya ne, abin da ta aike shi shi yake kawo mata. Saboda haka in za ka yabi aikin hannunka a gaban surukinka, fara buɗe bayansa kai kaɗai ka tabbatar naka ne.