Wasa Muke Yi Da 'Ya'yanku

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya bayani gaban iyayen yara a makarantar ƙauyenmu ba, can gefen Ɗambatta. A shekarun nan ne da tiyar gero ta fi ƙarfin mai gida, kowa ransa a kusa. Ni ke riƙe da ajin ƙananan yara, waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba. Iyaye suka fara ƙorafi cewa kullum yaran sai su koma gida buɗu-buɗu da ƙasa, babu wanda ya iya rera ABCD. Hedimasta ya ce in dai ban gamsar da su ba, rufe ajin za a yi, ni kuma in koma gida.

Jagoran masu ƙorafin shi ne Malam Habu, wani manomi da ba a kayar da shi a magana. 'Yarsa Saddiƙa tana ajina. Shekararta huɗu, amma a gida ba ta cewa komai sai "e" da "a'a", har an fara yi mata rubutun sha.

Na daɗe ina shirya jawabi a kan koyo ta hanyar wasa, wanda na samo a wata bita a Kano. A gaban yaran nake gwaji (a tunanina ai yara ne, me suka sani?), ina kai da kawowa, ina ɗaga yatsa.

Ranar taron maza suka zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya, mata daga baya. Na gyara mayafi, na buɗe baki, sai jawabin nan kaf ya gudu. Abin da ya fito shi ne:

"Iyayena, ku kwantar da hankalinku. Mu a nan wasa kawai muke yi da 'ya'yanku."

Wata tsohuwa ta saki salati. Malam Habu ya juya ya dubi jama'a. "To, kun dai ji da kunnenku. Da bakinta ta faɗa."

Don in ceci kaina na ce su taso su gani da idonsu. Muka zagaya bayan aji, ina addu'ar Allah Ya sa mu tarar yaran suna ƙirga 'ya'yan tsamiya. Ashe wasan makaranta suke yi. Sun jeru a ƙasa, Saddiƙa ce malama. Ta yafa buhu, ta riƙe karan dawa, ta zana harafi a yashi tana tambayar wanda sunansa ya fara da shi. Wani ya ɗaga hannu, ta ce a tafa masa. Sai kuma ta fara kai da kawowa, ta ɗaga yatsa. Nan take na gane tafiyar, tawa ce.

"Iyayena," in ji ta, da muryata sak, "yaro da hannunsa yake fara karatu kafin bakinsa. In ya raba tsakuwa gida biyu, lissafi yake. In ya jira a zo kansa, haƙuri yake koyo."

Jawabina ne, wanda ya gagare ni ɗazu, ba ta bar ko kalma ba. Har na fara murmushi ina kallon hedimasta, sai ta riƙe ƙugu ta ƙarasa:

"Shi kuwa Malam Habu sarkin gardama, ku bar ni da shi!"

(E, na faɗa. Ba sau ɗaya ba ma.)

Hedimasta ya shiga tarin ƙarya, mata suka cusa fuska a mayafi. Ni dai ƙasa nake kallo, ina jiran saukar masifa.

Da na ɗago, sai na ga Malam Habu ya durƙusa a yashin nan da babbar rigarsa, yana kallon 'yarsa kamar yau aka haifa masa ita.

"Saddiƙa," ya ce, "sake faɗa in ji."

Ta sake kuwa, har da riƙe ƙugun. Ya yi dariya, ya sa hannun riga ya goge ido. "Allahu Akbar. Ashe duk wannan maganar tana cikinta." Sannan ya dube ni. "Malama, sarkin gardama ya ji. Ki ci gaba da wasan."

Ba a rufe ajin ba. Sunan dai ya bi shi har kasuwa, kuma duk inda muka haɗu sai ya ce, "Malama, har yanzu a bar ki da ni?" Ni kuwa tun daga ranar na san yaro ba ya wasa da wasa. In zan gwada jawabi yanzu, gaban akuyarmu nake zuwa.